Tabbacin ceto: mai bi na gaskiya yana iya rasa cetonsa?

Malamin Ajin Baftisma

Salama gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina neman taimakon iyayenmu fastoci da malaman Littafi Mai Tsarki da ke wannan zaure. Akwai maganganu biyu da ke yawan tasowa a ajin baftisma da zumuntar matasa. Wani zai ce, "Malam, na karɓi Yesu, amma ban sani ba ko in na mutu yau zan shiga mulkin sama." Wani kuma zai ce ya ji ana wa'azi a rediyo cewa wanda ya sami ceto ya samu ke nan, ko me ya aikata daga baya. Na farko yana riƙe da Ibraniyawa 6:4-6, mai gargaɗi a kan masu ridda, jikinsa na rawa, na biyu yana riƙe da Yohanna 10:28, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, hankalinsa kwance. Ta ina ya kamata malami ya fara? Mai bi na gaskiya yana iya rasa cetonsa? Kuma yaya za a koyar da wannan ba tare da an karya mai raunin zuciya ba, ko a ba mai sakaci lasisin yin zunubi?

Tsohon Fasto

Malam, Allah ya sa albarka a aikin. Ka fara da raba tambayar gida biyu, don cakuɗa su ne ke rikita aji. Ta farko: mutum yana iya sanin yana da ceto yanzu? Wannan shi ne tabbacin ceto. Ta biyu: wanda aka maya haihuwarsa da gaske yana iya fāɗuwa har ya hallaka a ƙarshe? A kan ta farko ikkilisiyoyin bishara kusan bakinsu ɗaya, domin 1 Yohanna 5:13 ta ce an rubuta wasiƙar ne don masu ba da gaskiya su san suna da rai madawwami. A kan ta biyu aka rabu, kuma ba yau aka fara ba.

A ƙasar Holan, almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus sun rubuta takardar ƙorafi mai batutuwa biyar a 1610, shekara guda bayan rasuwarsa. A batu na biyar ba su yanke magana ba, cewa suka yi sai an ƙara binciken Nassi a ga ko mai bi na iya barin alheri ta wurin sakaci. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a garin Dort daga 1618 zuwa 1619 ta amsa musu cewa mai bi yana iya fāɗuwa cikin mugun zunubi kamar Dawuda da Bitrus, ya ɓata wa Ruhu rai, ya daina jin daɗin alherin Allah na wani lokaci, amma Allah ba ya janye Ruhunsa gaba ɗaya, yakan komo da shi ta hanyar tuba. Wannan ce koyarwar da ikkilisiyoyin CRCN da NKST na Najeriya suka gāda, yawancin 'yan Baftis ma a nan suke. Shaidar bangaskiyar Lutheran ta Augsburg, ta 1530, a sashe na 12 ta ƙi maganar masu cewa wanda aka baratar, wato Allah ya ɗauke shi mara laifi, ba zai iya rasa Ruhu Mai Tsarki ba. John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya koyar cewa mutum yana iya samun cikakken tabbaci yau, amma yana iya juya baya gobe, kuma Methodist da Assemblies of God suna kan wannan. Ikkilisiyar Katolika kuwa, a majalisar Trent a 1547, ta ce ba mai iya tabbatawa ɗari bisa ɗari cewa zai jimre har ƙarshe sai in Allah ya bayyana masa musamman. Saboda haka kafin ka tsaya gaban aji, ka buɗe kundin bangaskiyar ikkilisiyarka ka ga abin da ta rubuta, ka koyar da shi, sa'an nan ka faɗi ra'ayin sauran 'yan'uwa ba tare da ka yi musu ƙage ba.

Ni dai ina tare da masu cewa Allah yana kiyaye nasa har ƙarshe. A Yohanna 6:39 Yesu ya ce nufin Uba shi ne kada ya yar da ko ɗaya cikin waɗanda aka ba shi. A Romawa 8:30 waɗanda aka kira su ne aka baratar, waɗanda aka baratar su ne aka ɗaukaka, ba wanda ya zube a hanya. Afisawa 1:13-14 ta kira Ruhu hatimi da kuma abin da aka fara bayarwa daga cikin gādon, kamar kafin alƙalami da mai sayen gona ke ajiyewa don a san zai cika sauran.

Tabbaci yana tsayawa kan abu uku, kuma jerinsu yana da muhimmanci ƙwarai. Tushe shi ne alkawarin Allah da aikin da Almasihu ya gama a kan gicciye (Yohanna 5:24, Romawa 8:1). Bayansa sai shaidar Ruhu a zuciya cewa mu 'ya'yan Allah ne (Romawa 8:16). Na uku shi ne 'ya'yan sabon rai, wato biyayya, ƙaunar 'yan'uwa, da ƙin zama cikin zunubi, yadda 1 Yohanna ta shimfiɗa su. Inda malamai da yawa ke ɓata aikin shi ne su fara da na uku. Idan ka ce wa yaro ya duba halinsa ya ga ko ya tsira, ranar da ya yi azumi zai ce ya tsira, ranar da ya yi faɗa da ƙanensa zai ce ya hallaka. Ka kai idonsa ga Almasihu tukuna, hali ya biyo baya a matsayin shaida.

Shi kuma saurayin rediyo, ka sa shi ya karanta aya ta 27 kafin ta 28. Tumakin da ba mai ƙwace su daga hannun Yesu su ne masu jin muryarsa suna binsa. Wanda ya zauna cikin zunubi daram ba damuwa, 1 Yohanna 2:19 ta fi dacewa da shi: sun fita daga cikinmu domin dama ba namu ba ne.

Mai Bishara

Baba, na gode da wannan shimfiɗa, kun yi wa kowane ɓangare adalci. Amma da izininku, ban gamsu da ƙarshen ba. Ku dubi yadda Ibraniyawa 6 ta siffanta mutanen: an haskaka su, sun ɗanɗana baiwar sama, sun yi tarayya da Ruhu Mai Tsarki, sun ɗanɗana daɗin maganar Allah da ikon zamani mai zuwa. In aka ce wannan ba mai bi ba ne, da waɗanne kalmomi za a siffanta mai bi? A Yohanna 15 reshen da aka sare aka jefa wuta, Yesu ya ce a jikinsa yake. A Romawa 11:20-22 Bulus ya gaya wa waɗanda ke tsaye ta wurin bangaskiya su ji tsoro, in ba su zauna cikin alherin Allah ba su ma za a datse su. Kolosiyawa 1:23 ta ɗora sharaɗin dawwama cikin bangaskiya. Ba na jin Ruhu zai yi ta gargaɗi a kan ramin da ba mai iya faɗawa ciki.

Ga kuma matsalar da nake gani da amsar nan ta "dama ba namu ba ne". Mutum ya yi shekara ashirin yana jagorantar sujada, kowa ya shaida shi, shi ma ya shaida kansa, daga baya ya yi ridda. In aka ce tun farko bai tsira ba, yarinyar da ke zaune a aji za ta tambayi kanta, "To ni ta yaya zan san ba irinsa ba ce?" Kun ga koyarwar da aka kawo don ta kwantar da hankali ta koma tana tayar da shi. A fahimtarmu amsar a sauƙaƙe take: kana dogara ga Yesu yau? To kana da rai yau, ka zauna a cikinsa.

Sai dai in faɗi laifin da ake yi a ɓangarenmu, don yana da yawa. Wasu masu wa'azi suna koyar da cewa kowane zunubi yana share sunan mutum daga littafin rai, sai ya sake fitowa gaba a rubuta shi. Shi ya sa a taron falkaswa za ka ga fuskoki ɗaya ne ke fitowa karɓar Yesu bana da baɗi. Wesley bai koyar da haka ba, Nassi ma bai koyar ba. 1 Yohanna 2:1 ta ce in wani ya yi zunubi muna da Mai taimako a wurin Uba. Tuntuɓe daban, ridda daban. Ridda ita ce mutum ya saki Almasihu da gangan, kuma Ibraniyawa ta nuna yadda ake kai wa can sannu a hankali: a fara sakaci da abin da aka ji (2:1), zuciya ta taurare da yaudarar zunubi (3:13), a daina zuwa taron 'yan'uwa (10:25), daga ƙarshe a raina jinin alkawari (10:29). Aikin dattawa shi ne su tari mutum tun a matakin farko ko na biyu.

Malamin Tauhidi

Ɗan'uwa Mai Bishara, tambayar yarinyar nan tana da nauyi, ba a kau da ita da baki. Amma ka lura ku biyun kun haɗu a wuri guda. Mutumin da ya mutu yana ƙin Almasihu, Baba zai ce bai taɓa samun ceto ba, kai za ka ce ya samu ya yar. Ba ɗayanku da ya ce zai shiga sama. Wato abin da saurayin ya ji a rediyo ba shi da gindi a kowane ɓangare, kuma wannan ya kamata ajin ya ji a fili.

Game da gargaɗi a kan ramin da ba a faɗawa, a karanta Ayyukan Manzanni 27. Mutum 276 ne cikin jirgin ruwan da ke ɗauke da Bulus lokacin da guguwa ta kama su. Mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba wanda zai rasa ransa. Duk da haka, da matuƙan suka so su sulale da ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce wa shugaban sojojin da sojojinsa in mutanen nan ba su zauna cikin jirgi ba, ba za ku tsira ba (aya 31). Alkawarin gaskiya ne, gargaɗin ma gaskiya ne, kuma ta wurin gargaɗin Allah ya cika alkawarin, don sojoji sun yanke igiyoyin kwalekwalen. Haka Yahuza a wasiƙarsa ya ce ku tsare kanku cikin ƙaunar Allah a aya ta 21, ya kuma ce Allah ne mai ikon tsare ku daga fāɗuwa a aya ta 24. Filibiyawa 2:12-13 ma haka ta haɗa su.

Abu biyu kuma game da Ibraniyawa. Waɗanda aka rubuta wa Yahudawa ne masu bi da suka sha tsanani har aka ƙwace musu dukiya (10:32-34), ana jan su su koma ga hadayun dabbobi. Da 10:26 ta ce babu sauran hadaya, dalilin shi ne wanda ya ƙi hadayar Almasihu ba wata a gabansa. Ba maganar mai bin da ya yi ƙarya jiya yana kuka yau ake yi ba. Sa'an nan 6:4-6 ta ce ba shi yiwuwa a sāke jawo irin waɗannan ga tuba, don haka mai koyar da a rasa ceto a sake samu kowane wata ba zai iya jingina da wannan wuri ba. Marubucin kansa ya ce a 6:9 yana da tabbacin abubuwa mafi kyau game da su.

Malam, ga shawara a kan tsarin darasi. Kada ka buɗe da muhawarar. Ka ba baratarwa ta wurin bangaskiya darasi guda cikakke daga Romawa 3 zuwa 5, sai darasi a kan tushen tabbaci, sai abin da mai bi zai yi in ya yi zunubi daga 1 Yohanna 1:5 zuwa 2:2, sa'an nan gargaɗin Ibraniyawa a ƙarshe. Ka kuma gaya musu cewa shakka ba hujja ba ce ta rashin ceto. Shaidar bangaskiya ta Westminster, ta 1646, a babi na 18 ta ce mai bi na gaskiya yana iya daɗewa yana fama kafin ya kai ga cikakken tabbaci.

Uwar Zumunta

Sannunku da ƙoƙari iyayenmu. Ni zan tsaya kan wanda ya zo shi kaɗai bayan an tashi, ya ce bai san matsayinsa ba. Malam, kada ka yi saurin buɗe masa aya, kada kuma ka ce ya maimaita addu'ar karɓar Yesu don a huta. In ka yi haka zai ɗauka addu'ar farko ce ba ta kama ba, bayan wata uku zai dawo da shakka a kan ta biyun. Ka fara tambayarsa, "A kan me kake dogara cewa Allah zai karɓe ka?" Ka yi shiru ka ji. In ya ce an haife shi a gidan Kirista, ko an yi masa baftisma, ko yana ba da zakka, ko yana cikin mawaƙa, to wannan bishara yake bukata daga tushe, shakkarsa ma alheri ce. In ya ce Yesu ya mutu dominsa amma ba ya ji a ransa, sai ka nemi abin da ya toshe.

Sau da yawa zunubi ne a ɓoye: kuɗin baiko da aka taɓa, ko zaman da bai dace ba da saurayi, ko laya da aka karɓo saboda tsoro. A nan ayoyin ta'aziyya ba za su yi aiki ba sai an furta, an rabu da abin, an mayar da abin da aka ɗauka. A Zabura 51:12 Dawuda ya roƙi a komo masa da farin cikin ceto, kuma sai da ya furta laifinsa kafin ya yi wannan roƙo. In mace ce, ka haɗa ta da dattijuwa mai riƙe asiri, kada ka zauna da ita kai kaɗai.

Wasu kuma damuwarsu ita ce ba su tuna ranar da suka tuba ba, musamman waɗanda suka tashi a Makarantar Lahadi, sai su ji masu ba da shaida suna faɗin rana da wata. Nassi bai ɗora wa kowa wannan ba. Timoti ya san Littattafai tun yana ɗan yaro, ba a ba mu ranar tubarsa ba.

Mai tsoron ya yi saɓon Ruhu Mai Tsarki, zunubin da Yesu ya ce ba a gafartawa, ka karanta masa Markus 3:22-30 gaba ɗaya. Malaman Attaura ne suka ga Yesu yana fitar da aljanu da idonsu, suka ce da ikon Ba'alzabul yake yi. Wanda ke kuka don tsoron ya rabu da Yesu ba a wannan hali yake ba, kuma Yohanna 6:37 ta ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan.

Akwai wanda ba a cika kula da shi ba. Matar da ta haihu kwanan nan ba ta barci, ba ta cin abinci, tana cewa Allah ya yashe ta, ko wanda ya ga an kashe nasa a gabansa. Irin wannan a yi masa addu'a, a kuma raka shi asibiti ya ga likita, don ciwon damuwa yana sa mutum ya ji an hukunta shi ko da bai yi komai ba. Ƙara masa azumi yakan ƙara rikita shi.

Ina kuma roƙon dattawa a kan horo. A sa yarinya a bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji, ba wanda ke ziyartarta, ba wanda ya gaya mata yadda za ta dawo, ita kuwa sai ta ɗauka an rufe mata ƙofar sama. Ranar da aka sa mutum ƙarƙashin horo a gaya masa dalili, a naɗa wanda zai riƙa zama da shi, a sa lokacin da za a sake duba maganar. 2 Korintiyawa 2:6-8 ta ce in horon ya isa a gafarta masa a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Malamin Ajin Baftisma

Na gode Baba, na gode Mama da sauran malamai. Saura guda mai nauyi. Wanda aka kama aka ɗora masa bindiga ya musanta Yesu da bakinsa, daga baya ya kuɓuta ya dawo, me za a ce masa game da Matiyu 10:33, inda Yesu ya ce wanda ya musanta shi a gaban mutane shi ma zai musanta shi a gaban Ubansa?

Tsohon Fasto

Ikkilisiya ta taɓa fuskantar wannan. A shekara ta 250 sarkin Roma Disiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa sun yi hadayar, wasu sun sayi takardar da kuɗi. Da tsananin ya lafa suka dawo, sai wani shugaban ikkilisiya a Roma mai suna Nobatiyan ya ce kada a karɓe su. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, da majalisar da ta zauna a 251 suka ce a karɓe su bayan tuba, a kuma duba nauyin laifin kowa daban. Majalisar Nikiya a 325 ta sa wa waɗanda suka musanta ba tare da an tilasta musu ba shekara 12 ta tuba, amma ta ce ko su kada a hana su jibin Ubangiji in suna bakin mutuwa. Ka ga ko a zamanin da horo ke da tsauri an bambanta mai musu don ganin dama da wanda aka tilasta wa.

Matiyu 10:33 gaskiya ce, kada a sassauta ta. Amma Bitrus yana wurin ranar da aka faɗe ta, ya kuma yi musu sau uku har da rantsuwa, ba bindiga a kansa. Tun kafin ya fāɗi Yesu ya ce ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa (Luka 22:31-32), a Yohanna 21 kuma ya mayar masa da kiwon tumaki. Musun da ke kai ga hallaka shi ne wanda mutum ya zauna a kai bai juyo ba. Wanda ya dawo yana neman Yesu ya riga ya yi abin da Bitrus ya yi.

A aikace, a fara da lafiyarsa da wurin kwanansa, kuma kada a yi shelar dawowarsa daga bagade in hakan zai jefa shi ko danginsa cikin haɗari. Fasto da dattijo ɗaya su ji labarin a keɓe, a bar shi ya faɗa da bakinsa ba tare da an titsiye shi ba. Abin da lamirinsa ya kāshe shi a kai ya furta, a karanta masa 1 Yohanna 1:9, a gaya masa a sarari cewa an gafarta masa. Ba a sake masa baftisma. Macen da aka aurar da ita dole a hannun waɗanda suka kama ta, ko ta dawo da goyo, ba ta yi zunubin da za a hore ta a kai ba, ita aka yi wa laifi, ɗanta kuma a karɓe shi kamar kowane ɗa a ikkilisiya. Majalisar dattawa ta mayar da mutum teburin Ubangiji ba da jan lokaci ba, a kuma ba shi wani mai bi da ya manyanta da zai riƙa duba shi kowane mako, don tsoro da mugayen mafarkai sukan dawo watanni bayan an kuɓuta, shakkar ceto kuma takan biyo su.